Wasa Suna Gare Shi: Yadda Ake Zaɓar Kalmar Raha a Hausa da Ingilishi

Wata safiya, ana cikin hutun ƙarfe goma, wata ɗaliba ta same ni a gindin bedi cikin farfajiyar kwalejin da nake koyar da Ingilishi a nan ƙasar Tasawa. Idonta ya yi ja. Wani yaro ɗan ajinsu na biye da ita yana sosa ƙeya. Kafin ta buɗe baki ya riga ta, ya kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami a nan: "Mushe, wallahi wargi ne." Ta juya ta dube shi, ta ce, "Ba wargi ba ne, Mushe. Gori ya yi mini."

Da na bi ba'asi, sai na tarar bara da damina, lokacin da rumbun gidansu ya yi ƙasa, uban yaron ya ranta wa ubanta tiya goma ta hatsi. Yau kuma, don ta fi shi maki, ya ce a gaban ƴan aji ai hatsin gidansu ne ya buɗe mata kai. Aji ya kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

Yarinyar ta fi shi gaskiya, kuma da kalma ɗaya ta kayar da shi. Da wargi ne, sai in ce su je su shirya. Da yake gori ne, sai da na sa ya ba ta haƙuri a gaban waɗanda suka yi dariyar. Tun daga ranar nake gaya wa ɗalibaina cewa duk mai son ya iya kalmomin raha na Ingilishi, ya fara zama da na gidansu tukuna. Wanda bai raba zolaya da izgili da Hausa ba, babu ƙamusun da zai raba masa su da wani harshe.

Maganar ta ƙara nauyi yanzu. Kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Aikin tafinta zai yawaita ke nan, a gidajen rediyon karkara, a ma'aikatar magajin gari, a asibiti, a tarukan ƙungiyoyin agaji da ke shiga Mayahi da Kanambakashe da Urafan. Ga ƴan kasuwa da ƴan ci-rani da ke ƙetara iyaka ta kudancin Tasawa, wajen Korgom da Hawandawaki, su nufi Daura da Katsina da Kano, wasu har Legas, inda za su ji Ingilishi kala-kala. Kalmar ciniki in ka kuskure ta, kuɗi ne suka tafi, ana mayar da su. Kalmar wasa in ka kuskure ta, zumunci ne ke tsinkewa.

Tambaya uku kafin ka sa wa magana suna

In magana ta jawo dariya kana son sanin sunanta, ko don fassara ko don sulhu, kada ka fara da abin da aka faɗa. Fara da mutanen.

Wa ya faɗa wa wa? Jika ya leƙa ɗakin kakarsa ya ce, "Tsohuwa, yau ma kin ƙi tafiya ki bar mana ɗakin?" Ita kuma ta ɗaga muciya ta ce, "Sai na ga furfurarka, mijin banza da bai iya cefane ba." Wannan wasa ne, har maƙwabta na taya su ta kan darni. Ɗa ya gaya wa uwarsa rabin wannan, sai an tara dangi. Suruki kuwa, ko ɗan fari da iyayensa, tsakaninsu kunya ce, ba a ma fara ba.

Tambaya ta biyu ita ce uwa: wanda aka yi maganar a kansa yana wurin, kuma yana da bakin ramawa? Wasan Bahaushe ba-ni-in-ba-ka ne, ka jefa a jefo maka. Yaron shago ba ya rama wa ubangidansa, amarya ba ta rama wa uwar miji, ɗalibi ba ya rama wa malami, wanda ake bi bashi ba ya rama wa mai binsa. Inda ɗaya ke jifa ɗaya na sunkuyar da kai, ba wasa ake ba, ko da kasuwa duka ta dara. Abin da ya kama yaron ajina ke nan: ya jefa abin da yarinyar ba ta da halin mayarwa, don gaskiya ne sun ci hatsin.

Ta uku, shi mai abin ya dara? Wace irin dariya? Akwai murmushi, akwai ƙyaƙyatawa, akwai tuntsirewa da sheƙewa. Akwai kuma yaƙe, haƙora a waje, ido a bushe. In ka ga yaƙe, an taka wani wuri.

Harshen ma ya ajiye mana wata ƴar alama da ɗalibai ba sa lura da ita sai an nuna musu. Saurari ƙaramar kalmar da ke bin aikin. Raha, da mutum ake yin ta. Kakaci da shi, wargi da shi, hira da shi. Amma gatse yi masa ake, ko "yi mishi" yadda muke faɗa a nan, haka habaici, haka zambo, gori da gwalo. Ba za ka ji an ce "mun yi gori da shi" ba. "Da" tana zaunar da ku a tabarma ɗaya, "wa" tana sa ɗaya tsaye ɗaya ƙasa. Ka gwada da dariya kanta: yin dariya da mutum dabam, yi masa dariya dabam. Sai dai sanda ce ta dogarawa, ba ƙafa ba ce. "Ana yi da shi" gulma ce. "Ya yi wasa da ni" tana iya nufin ya raina ni. Yi wa jariri wasa kuwa alheri ne zalla.

Masu sanyi

Wasa ita ce babbar rumfa. Ta ɗauki langa da dara da kokowa, ta ɗauki wasan kwaikwayo, ta ɗauki maganar da ba da gaske ba, har sakaci ta ɗauka, kamar a ce ya yi wasa da gonarsa ciyawa ta cinye. Faɗinta ne ya sa ta zama mafakar mai laifi: kowa ya ɓata sai ya ce wasa yake. Wargi ƴar'uwarta ce a bakin Gobirawa da Katsinawa da mutanen Adar da Sakkwato, ana jin ta a Mayahi da Tasawa fiye da yadda ake jin ta a Kano. Magabata sun ce wargi wuri gare shi.

Raha ba magana ɗaya ba ce, yanayi ne. Mutum ɗaya ba ya raha, sai an haɗu, hira ta yi daɗi, wannan ya jefa wancan ya cafe. Kakaci na kusa da ita, sai dai ya fi ta ɗan yaji. Barkwanci kuwa sana'ar baki ce: ɗan labari ko ƴar magana da aka ƙera don ta ba da dariya, tana da farko tana da inda take fashewa, kuma ana iya ɗaukar ta daga wannan majalisa a kai wata. Raha ba ta ɗaukuwa, in an watse ta watse. Ban dariya sifa ce ta kowane abu, ko da akuya ce ta shiga masallaci. Nishaɗi da annashuwa a zuciya suke, fara'a a fuska. Su sakamako ne, shi ya sa ba a yi wa mutum nishaɗi, sa shi ake yi.

Akwai dariyar da mai ita bai nufa ba. Katoɓara da suɓutar baki suna nan. Santi ma yana nan, wato mutum na cikin cin abu mai daɗi, fura ce ta ji nono ko tuwo ne miya ta zauna, sai ya saki wata magana da ba ta da kai, ko ya kama yabon abin da ba a tambaye shi ba, a ce santi ya kwashe shi. Wannan dariya ce mai tsabta, mai girki ma daɗi take ji.

Masu kaifi biyu

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka a dakata.

Zolaya ita ce ka gaya wa mutum abin da ba haka ba, ko ka ƙara gishiri, don ka ga yadda zai yi. Ango na zaune da abokai, ɗaya ya shigo da fuskar jimami ya ce, "Yanzu na biyo ta gidan su amarya, an ce Baba ya ce a ɗaga sai bayan kaka." Ango ya miƙe, hula ta faɗi, sai kowa ya fashe. Sharaɗin zolaya shi ne a kwance ta da wuri. In ka bar mutum ya kwana da ita, ko ya yi asara a kanta, ta tashi daga zolaya ta koma ƙarya.

Tsokana daga sanda ta samo suna, yadda ake tsokanar wuta ko rami. Mai tsokana amsa yake nema. Ƙanen miji ya wuce matar wansa tana tuƙi ya ce, "Matarmu, yau ma kunu za mu sha da sunan tuwo?" So yake ta biyo shi da mara. Amma kalmar nan ita ce dai a cikin "tsokanar faɗa", kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mai fassara ya duba ko an rabu ana dariya ko an rabu ana riƙe mutane.

Ba'a ta fi su wuyar kamu. "Ba'a nake" daidai take da "wasa nake", ba ta da dafi. "Ya yi masa ba'a" kuwa ta karkata wajen raini, musamman in a kan sura ce, ko talauci, ko karin harshen mutum. Shaƙiyanci da iya shege halin mutum suke nunawa fiye da magana ɗaya. Tsakanin tsara yabo ne-yabo ne, "kai, shaƙiyyi ne", amma dattijo in ya faɗa wa yaro, tsawa ce.

Masu zafi

Izgili ba shi da fuska biyu. Ƙasƙantarwa ce da aka sa wa rigar dariya, kuma malamai kan kafa hujja da aya ta 11 ta Suratul Hujurati wajen hana shi, tare da jifan juna da miyagun laƙabi. Muzantawa ita ce a yi shi a bainar jama'a. Zunɗe da gwalo ba su buƙatar murya, leɓe da harshe sun isa, ɗaya a bayan ido, ɗaya a gaban wanda abu ya samu. Gori kuwa, ka riga ka gan shi: tuna wa mutum alherin da aka yi masa, ko rashin da yake ciki, don a karya shi.

Gatse shi ne faɗin kishiyar abin da kake nufi, da muryar da ke tona ka. Yaro ya fasa ƙwarya, uwa ta ce, "Sannu da aiki. Ɗauko ɗayar ma ka fasa." Yaron da ya ɗauko, ya shiga uku. Ina jan kunnen duk mai tafinta a nan, musamman a gaban hakimi ko alƙali: gatse in aka fassara kalmominsa kawai, "a'a" ta koma "i". Mace ta ce wa miji, "Je ka sayar da akuyar, ai taka ce," ba izini ta ba shi ba. Wajibi ne tafinta ya ƙara da cewa gatse ta yi. Baƙar magana ƙanwar gatse ce, amsa ce gajera mai rufe baki.

Habaici ya fi kowa wayo, don ba ya kama suna. Na taɓa zama a zauren wani gida a wani ƙauye kusa da Gulbin Kaba, ina jiran maigida, ina jin daka daga ciki. Sai mai dakan ta tsaya ta kori kaza: "As! Kaza marar zuciya, kullum kina bakin turmin wani, ba ki taɓa kawo ko tsaba ɗaya ba." Shiru. Can sai wata murya daga ɗaki: "Da wa kike?" Mai daka ta ce, "Da kaza nake, Yaya. In kin tsargu, ke kika sani." Taɓarya ta ci gaba. Duk ginin habaici ke nan: an bar ƙofar musu a buɗe, wanda ya tanka shi ya kama kansa, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shaguɓe da gugar zana gida ɗaya suke da shi, sai dai su a gaban mutum ake yi, a goge shi a wuce kamar ba a gan shi ba.

Zambo na makaɗa ne. Kishiyar yabo ne, kuma tare suke tafiya: makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo in sun ɗaga ubangidansu sai su sauke abokan hamayyarsa. Habaici ɓoye mutum yake ya nuna aikinsa. Zambo zana mutum yake, tafiyarsa, cikinsa, rawaninsa, rowarsa, har kowa ya gane shi ko ba a kira suna ba.

Akwai waɗanda al'ada ta ba lasisin abin da aka hana saura. A filin kokowa, tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, ba a raba fage da cali-cali, mai kwaikwayon ƴan kokowa da manyan baƙi don ya sauke zafin fili. Ƴan kama suna ɗaukar salon wa'azi su juya shi kan tuwo da nama. Yara na tashe da azumi. Yazi Dogo a wasan kwaikwayon Nijar, da marigayi Rabilu Musa Ibro da ya rasu a 2014, a kan wannan lasisi suka yi aiki. Abin da suke yi kwaikwayo ne da barkwanci. In ka cire shi daga fage ka kai majalisa ka yi wa maƙwabcinka, sunansa ya canza.

Inda zagi ke zama zumunci

A tashar Mayahi na ga wani ma'aikaci Bazabarme, sabon zuwa, ya tsaya a teburin mai shayi. Ya dubi tsagen fuskar mai shayin, ya gane Bagobiri ne, sai ya ja benci ya ce, "Kai bawana, haɗo shayi da madara, kada kuma ka ce in biya." Mai shayi ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Ubangijin da ke yawo ba ko dala a aljihu? Zauna in ciyar da kai, yadda kakana ya ciyar da kakanka." Ba su taɓa ganin juna ba. Kafin shayi ya huce, mai shayin ya gaya masa unguwar da zai sami ɗakin haya mai sauƙi.

Dubi abin da mai shayi ya faɗa. A siffa gori ne, irin wanda yaron ajina ya yi. Amma nan babu wanda ya ci hatsin wani da gaske, kowa na da bakin ramawa, kuma kakanni sun riga sun ba da izini. Shi ne wasan dangi ko taubasantaka, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014. Yana tsakanin taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, yana tsakanin jika da kaka, da ƙanen miji da matar wa. Yana tsakanin al'ummu: Gobirawa da Zabarmawa, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa, Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi. Yana tsakanin masu sana'a. A watan cika-ciki taubashi kan bi taubashinsa kuɗin shara. Abokin wasa ba ya fushi, kuma in rigima ta tashi, shi ne ke da bakin shiga tsakani ya faɗi gaskiyar da wani ba ya iya faɗa.

Ga hanyar shiga. Ka tabbatar da asalin mutum kafin ka jefa, kada kama ta ruɗe ka. In kai ne ƙarami, bari babba ya fara. Ka tsaya kan abin da aka gada ana wasa da shi, abinci, tsage, wa ya fi wa, ka bar uwar mutum, da matarsa, da aibin jikinsa. Sai kuma kalmar "bawa". Tsakanin Bagobiri da Bazabarme iska ce, ba ta taɓa kowa. Amma a ƙasar da sai a 2003 doka ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa, akwai gidajen da kalmar nan miki ce da bai warke ba. Wanda ka san ana yi wa zuriyarsa wannan kallo, kada ka faɗa masa ita ko da wasa. Ba shi da abin ramawa, ka ga tambaya ta biyu ta hana.

Ƙetarawa zuwa Ingilishi

Kuskuren farko da nake gyarawa kowace shekara shi ne fassara "wasa nake" da *I am playing*. Bature zai nemi ƙwallo ko karta. Abin da ake cewa shi ne *I'm joking*, ko *I'm kidding*, ta biyun ta fi kusa da "zolayarka nake", wato abin da na faɗa ba haka ba ne. Kalmar *joke* ita ce babbar rumfarsu, ta ɗauki maganar wasa, ta ɗauki labarin barkwanci.

Abin daɗi, "da" da "wa" ɗinmu suna can su ma: *laugh with* dariya da mutum, *laugh at* yi masa dariya. Wanda ya riƙe wannan ya yi rabin tafiya. Tarkon da ke kusa shi ne *make fun of*. Ɗalibi ya ga *fun* sai ya ɗauka daɗi ne, alhali yi wa mutum ba'a ne. *Funny* ma fuska biyu gare ta, abin dariya da abin da bai kwanta a rai ba. Likita in ya ji maras lafiya ya ce yana jin *funny*, ba dariya ake ba.

*Tease* ta haɗa zolaya da tsokana, kuma kaifi biyu gare ta kamar su: uwa na yi wa ɗanta, azzalumin yaro na yi wa na ƙasa da shi. *Banter* ita ce kalmar da ta fi dacewa da abin da ya gudana a teburin mai shayi, don ba ta tabbata sai ɓangare biyu na jifa. *Mock* da *ridicule* izgili ne da muzantawa, kada ka sa su inda ake raha. *Sarcasm* gatse ne. *Irony* ta fi shi faɗi, tana shiga har abin da ƙaddara ta juya, kamar mai haƙar rijiya ya kwana da ƙishirwa. *Prank* zolaya ce ta hannu, a ɓoye maka takalmi a ƙofar masallaci. *Pun* wasa ne da kalma mai ma'ana biyu, kamar jikan da ya ce kaka biyu gare shi, ɗaya na cika rumbu, ɗaya na ƙarar da shi. Irin wannan ba ya ƙetara harshe, sai dai ka bayyana shi. *Wit* kaifin baki ne da saurin amsa, *humour* kuma ta haɗa ban dariya da halin mai ɗaukar wasa.

Sai waɗanda ba su da takwara, kuma nan ne gwanintar tafinta ke fitowa. Ƙamus kan ba da *innuendo* a madadin habaici, amma a bakin masu harshen ta fi karkata wajen batsa, in ka sa ta a rikicin kishiyoyi ka ƙara wa wuta mai. Gara ka ce magana ce da aka jefa ba a kama suna ba. *Satire* ba zambo ba ce sosai: ita masu mulki da halin jama'a take yi wa, shi kuwa zambo sau da yawa aikin mai mulki yake yi a kan abokin hamayyarsa. *Taunt* ta kama zafin gori, ta bar alherin da aka tuna, alhali shi ne gorin. Santi kuwa, ko ka kwana kana bincike, sai dai ka ba da labarinsa.

Biyu na ƙarshe na matafiya ne. A Faransancin Nijar abokin wasa *cousin* ne, amma mai Ingilishi in ka ce masa wannan Bazabarmen *cousin* ɗinka ne, zai ɗauka kakanku ɗaya. Masana sun yi wa abin suna *joking relationship*, kamar a maƙalar Radcliffe-Brown ta 1940, ita za ka yi amfani da ita, sa'an nan ka yi bayani kafin ka fassara "bawana", in ba haka ba baƙo zai tashi da mummunar fahimta. A kudancin Najeriya kuma za ka ji *yab* ko *yabis*, kalmar da ta yi tashe a bakin Fela Kuti. Kunnen Bahaushe zai ji kamar yabo. Ba yabo ba ne, zagin wasa ne, wani lokaci ma ba na wasa ba.

Littafin aljihu

Ga aikin da nake ba ɗalibai, kuma ya yi wa ma'aikacin rediyo da tafinta daidai. Ka sami ƙaramin littafi, kowane shafi ka raba shi huɗu: abin da aka faɗa, wa ya faɗa wa wa, yadda aka rabu, sunan da dattijon wurin ya ba maganar. Gurbi na huɗu kada ka cika shi da kanka, tambaya za ka yi, kuma ka tambayi mata dabam, don sun fi maza rarrabe habaici da shaguɓe nesa ba kusa ba. In shafi ashirin suka cika, sa'an nan ka buɗe ƙamus.

Ƙamusun Bargery na 1934 shi ya fi tara tsofaffin kalmomi da na karkara, har yana nuna yankin da ake faɗar wasu. Na Abraham na 1949 ya fi yawan misalai cikin jimla. Na Roxana Ma Newman na 1990 daga Ingilishi yake zuwa Hausa, na Abdu Mijingini kuma daga Hausa zuwa Faransanci, da Hausarmu ta Nijar. Kowace kalma ka bi ta tafiya da dawowa: in ka tashi daga zolaya ka sauka a *tease*, koma ka ga me *tease* ta haifa da Hausa. In ta dawo maka da kalma uku, ka san Ingilishi ya haɗe abin da muka raba, sai ka ƙara wata ƴar kalma a jimlarka da za ta nuna wanne kake nufi, ko *gently* ko *cruelly*. In kuma ta dawo da kalmar da ba ta cikin shafinka, rubuta ta a gefe, ka kai wa tsohuwar gidanku ranar Juma'a ta gaya maka inda ake faɗarta.